Jakunan Ilu

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano aka fara jin cewa Turawa na sayen gyaɗa kamar ba su da wani abin yi. Labarin ya shigo Ɗanzomo a bakin fatake, mutane suka yi ta dariya, don a lokacin gyaɗa amfanin mata ce, a gefen gona ake shuka ta saboda ƙuli da man miya. Da kaka ta yi sai dariya ta tsaya. 'Yan baranda suka shigo gari da mudunsu mai zurfin tsiya, suna saye a wulaƙance suna kaiwa Kano. Duk garin babu wanda abin ya ƙona wa rai kamar Ilu, ƙanen Sallau.

Su biyu ne suka rage a ɗakinsu. Uwarsu ta rasu Ilu yana rarrafe, uban ya bi ta ba da jimawa ba, Sallau ne ya raine shi har ya iya riƙon fartanya. Sallau mutum ne mai sanyi, sai ya juya magana a baki ya sake juyawa kafin ta fito. Ilu kuwa ko tuwo yake ci ƙafarsa na rawa.

"Yaya," in ji Ilu wata rana suna sussuka, "hanyar Kano ba gadon 'yan baranda ba ce. Mu ma muna da ƙafa."

Ƙafa kam akwai, amma mutum ɗaya da jaki ɗaya ba ya zuwa Kano. Kayan jaki mutum biyu ke ɗaura shi, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Ga 'yan fashi a daji, ga gida da rumbu da za a bari ba mai tsaro. Saboda haka Ilu ya yi ta zarya gida gida har ya shawo kan mutum uku: Manu, da Ubale, da Barau, wanda ko inuwarsa bai cika yarda da ita ba. Kowa da jakinsa guda. Na Ilu jakanya ce baƙa mai taurin kai irin na maigidanta.

Suka taru a ƙofar Malam Ishaƙ, limamin gari, suka tsara tarayyarsu. Kaso na jaki ne, ba na mutum ba, don wanda ya tsaya tsaron gida kada ya yi asara. Tafiya bi da bi za a riƙa yi. Abin da jakanya ta haifa na mai ita ne, amma yana cikin ayari. Sai Barau ya kafe a kan sharaɗi na ƙarshe, don tsoron kada a haɗa baki a cuce shi yana hanya: ba za a sayar da dabba ko a sauya wata ƙa'ida ba sai duk wanda ya ɗaga hannu yau ya amince da bakinsa. In mutum ya mutu, magajinsa ya yi magana a madadinsa. Malam ya yi addu'a, su biyar suka shafa fatiha. Abin da aka ɗaura da fatiha kuwa, a wurin mutanen nan ba ya kwantuwa da hira.

Tafiyar farko ta yi kyau. Suka dawo da gishiri da goro da allura, Ilu ya dawo da jar hula da labarin jirgin ƙasa wanda ya ƙara masa gishiri fiye da wanda suka ɗauko. Ba a sake dariyar gyaɗa ba a Ɗanzomo.

Sai damina ta ƙi. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta sake ƙonewa. Wannan ita ce babbar yunwar da tsofaffi ba sa son a tayar da zancenta. Mutane suka tone gidajen tururuwa suna neman hatsi, aka ci ganyen da a da ko akuya ba ta kallo. Jakin Manu ya mutu a turke, na Ubale ya faɗi a bakin rijiya. Sallau ya riƙa zare ciyawar jinkar ɗakinsa yana bai wa jakinsa da jakanyar Ilu, har matarsa Turai ta ce saura kaɗan su kwana a fili.

Wata safiya Ilu ya ɗauki sandarsa da gora. Ya ji an ce can gabas wajen kogi ana samun bado da kifi.

"Baki ɗaya ya ragu a gidan nan, Yaya. Ka riƙe mini jakanyata a cikin tarayya. Da ruwa ya sauka zan dawo."

Sallau ya buɗe baki zai hana shi, ya tsaya juya maganar kamar yadda ya saba. Kafin ta fito Ilu ya yi nisa.

Ruwa ya sauka, Ilu bai dawo ba. Waɗanda suka tsira suka yi ta komowa ɗaiɗai, kowa ya rame kamar kara, babu wanda ya ce ya gan shi.

Tarayya ta farfaɗo a hankali. Da jakuna uku suka koma hanya, aka ci gaba da raba wa Manu da Ubale wani abu har suka mayar da nasu. Wannan ne ya ja hankalin mutane, don an ga abin ba na cin riba kaɗai ba ne. Mutanen Sule Tankarkar suka zo da jakunansu suka shiga, bayan su na Gagarawa, kowa a bisa fatihar farko. Aka daina dawowa daga Kano a tsaya a gida: sai a zarce Maigatari da goro da tufafi, a ɗauko kanwa da fatu a sake juyawa. Suka sami fatoma amintacce mai saukar da su a Kano, suka koyi kallon sikeli, suka gane wane magatakarda ne ke danna shi da ƙafa. 'Yan baranda suka daina shiga Ɗanzomo sai dai su wuce ta gefe suna zagi.

Duk rabon da aka yi kuwa sai an fitar da kason jakanyar Ilu, Sallau ya karɓa. Bai taɓa sa ko ƙwaya ɗaya a bakinsa ba. Da farko hatsi ya saya ya zuba a rumbu dabam, ƙwari suka yi masa ɓarna, ya yi ta baƙin ciki kamar shi ya ci amana. Daga nan ya ce jaki ba ya ruɓewa, ya riƙa sayen jaki da kason. Ita kuma baƙar jakanyar, kamar da gayya, ta shiga haihuwa ba ji ba gani, 'ya'yanta mata su ma suka kama. Jakunan suka kawo kaso, kason ya kawo jakuna. Kafin shekara goma, mutumin da ya fi kowa dabbobi a ayarin Ɗanzomo shi ne wanda ba a san ko yana duniya ba.

In juyin tafiya ya zo kan Ilu, Sallau ke ɗaukar sanda ya yi. In ya zo kansa ya sake yi. Gonarsa ta koma ta ciyawa, ƙafafunsa suka tsattsage, shi ko a jikinsa, don tafiya na kai shi kasuwa, kasuwa kuwa akwai baƙi. Ba ya sauka a zango sai ya bi baƙin fuska ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: wani dogo, mai wushirya, mai saurin magana, sunansa Ilu, mutumin ƙasar Gumel. Har 'yan ayari suka haddace, wani lokaci su riga shi faɗa don tsokana. Ya yi murmushi ya ci gaba. Kewar ƙanensa ba ta taɓa raguwa ba, sai dai ya saba da ɗaukarta.

Turai ce kaɗai ke gaya masa gaskiya ba sakayawa.

"Maigida, ni na gaji da zama matar bawan jakuna. Rigarka duk faci, ga dukiya a turke tana kuka da asuba tana hana mu barci."

"Ba tawa ba ce."

"To ta wa ce? Ta wanda ko saƙon gaisuwa bai taɓa aikowa ba?"

Sai ta ga yadda fuskarsa ta yi, ta ji kunyar bakinta, ta tura masa ƙwaryar fura.

Matsala ta taso ne da tarayya ta girma ta fi ƙarfin ƙa'idarta. Kanwa ta yi yawa, jaki ba ya ɗaukar abin kirki, kowa ya ga raƙumi ake buƙata. Ana kuma son a kafa rumfar ajiya a Gumel don a daina sayar da gyaɗa a lokacin da ta yi arha. Duk wannan sai an sayar da wasu jakuna an sauya ƙa'idar rabo. Aka zauna a ƙofar Malam Ishaƙ, wanda yanzu ya tsufa har sai an matso kusa yake ji. Manu ya amince, Ubale ya amince, Barau ya amince har da buga ƙafa. Sallau ya ce shi ma a nasa ya amince.

"Saura Ilu," in ji shi.

Barau ya cire hula ya mayar.

"Sallau, kai ne magajinsa. Ka ce i a madadinsa a wuce wurin."

"Magaji sai an mutu, Barau. Kai ka kawo sharaɗin."

Da ma abin da ke cin Barau ke nan, igiyar da ya tufka da hannunsa ita ta ɗaure shi. Kuma a gaskiya ba mugunta ce ta sa shi magana ba. Mutum talatin da ɗoriya ne ke ci a wannan ayari, ba za su tsaya cik saboda mutum ɗaya ba.

"Allah gafarta Malam, a gaya masa," in ji Barau da ƙarfi don tsohon ya ji.

Malam Ishaƙ ya daɗe yana jan carbi. Ya ce wanda ya ɓace a shekarar yunwa, in an kai magana gaban alƙali a Gumel, yana iya yanke cewa ya rasu, a yi masa sadaka, a raba gado. Ya ce babu laifi a cikin hakan. Ya ce kuma shi ba zai tilasta wa kowa ba.

"Ka ji," in ji Barau, muryarsa ta yi laushi. "Ba ƙwace muke so ba. Duk naka za su zama. Ka zama mai arzikin garin nan, mu kuma mu sami wanda za mu yi shawara da shi."

"In je gaban alƙali in ce Ilu ya mutu? Da bakina?"

"Mun ba ka zuwa kaka mai zuwa. In ba haka ba kowa ya kwance jakinsa, a watse. Fatiha ba ta hana mutum fita ba."

Sallau ya koma gida ya zauna a garke cikin jakunan har rana ta karkata. Tarayyar nan Ilu ne ya haife ta, in ta watse abinsa ne ya watse. In kuma ya cece ta, to ya binne shi. Ya rasa wanne ne cin amana.

Ana cikin haka, da bazara, ya je Maigatari ɗaukar kanwa. Ya bi baƙi kamar kullum har ya iso rumfar wani mai busasshen kifi, Hamma, wanda bai taɓa gani ba. Ya fara karatunsa: wani dogo, mai wushirya.

"Mai surutu kamar ana biyansa?" in ji Hamma. "Ilu ɗan Gumel? Ai maƙwabcina ne. Albasarsa ta fi ta kowa."

Sallau ya zauna a ƙasa cikin ɓawon kifi. Ya sa mutumin ya maimaita, ya sake maimaitawa. Wani ƙauye ne a bakin kogi gaba da Haɗeja. Da Hamma ya kwatanta masa hanya, sai ya ga nisan bai fi na Kano ba, hanyar da ya tattake har ya san kowace kuka da ke bakinta. Wannan ya ɗan soke shi, amma murna ta danne.

Ɗanzomo ta ɗauka. Barau da kansa ya zo ya taya shi gyara akumari, yana ta cewa ai shi da ma jikinsa ya ba shi yaron na nan, ƙaryar da kowa ya yafe masa. Turai ta kama yaɓen ɗakin da Ilu zai sauka. Sallau ya wanke jakunan nan kaf, ya tufka musu sababbin igiyoyi, ya kora su gabas, Manu ya raka shi don ɗaurin kaya. Tsohuwar jakanyar ma ya tafi da ita, ba kaya a bayanta, tana tafe tana tsayawa.

Da hantsi suka isa. Ƙasa ce kore shar, ruwa ko'ina, kwalekwale a ɗaure a bakin gaɓa. Aka nuna musu wani mai ƙiba yana ban ruwa a lambu. Sallau bai gane shi ba sai da ya ɗago ya yi magana.

"Yaya?"

Ilu ya yar da masakin hannunsa ya rugo ta cikin albasa yana tattakawa. Ya faɗi ya rungume ƙafafun Sallau yana kuka da ƙarfi kamar yaro. Sallau ya dafa kansa, ga furfura ta fara fitowa, shi ma hawaye suka zubo. Da a nan labarin ya tsaya da kowa ya ji daɗi.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Yelwa, matar Ilu, ta zo ta durƙusa ta gaida yayan mijinta, aka jero 'ya'ya suka gaishe shi. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wadda Sallau bai taɓa ci ba. Ilu yana ta zuba kamar da. Ya ce a bakin kogin nan uban Yelwa ya tsince shi, ƙashi da fata, ya yi jinyarsa, ya ba shi lambu, daga baya ya ba shi 'ya.

"Ba ka zo ba," in ji Sallau a hankali.

"Yaya, wani mutumin Gagarawa ya ce mini Ɗanzomo ta tashi, ba wanda ya rage. Na yi kuka har na gode Allah. Na yi muku sadaka, kai da Turai, limamin garin nan shaida ne. Duk shekara ina yi."

Sallau ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ashe abin da shi ya ƙi yi shekara goma, ƙanensa ya yi shi tun a shekarar farko, ya share hawaye ya kama noman albasa. Bai ga laifinsa ba. Amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bayan azahar ya kai shi inda jakunan ke kiwo, ya bayyana masa komai: kaso, da haihuwa, da raƙumi, da rumfar Gumel, da wa'adin Barau. Ilu ya yi ta zagaya su yana tafa hannu yana salati. Ya tsaya gaban tsohuwar jakanyar ya ce, "Wannan kuma ta wa ce, duk ta ƙare haka?" Manu ya kau da kai.

"Duk naka ne," in ji Sallau. "An gyara maka ɗaki. Da iyalinka duka, gida zai ɗauke ku."

Ilu ya dubi rigar yayansa, ya dubi tsattsagaggun ƙafafunsa, idanunsa suka sake cika. Ya ce a jira shi. Ya tafi ya dawo da liman da dattawan unguwa, ya tsaya a gabansu yana magana da ƙarfi don kowa ya ji.

"Ku shaida. Wannan yayana ne, shi ne uwata shi ne ubana. Jakunan nan da duk abin da suka tara, na ba shi halak malak, duniya da lahira. Bakina na cikin tarayya ma na ba shi, abin da ya ce shi na ce. Kada a ƙara jirana a kan komai."

Dattawa suka yi ta sa albarka, suna cewa ba su taɓa ganin zumunci irin wannan ba. Manu ya yi hamdala a fili, don tarayya ta tsira. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Sallau ma ya ɗaga, ya shafa, ya yi godiya kamar yadda ya kamata, ga murmushi a fuskarsa wanda shi kaɗai ya san nauyinsa.

Washegari Yelwa ta cika mangala da kifi da albasa da shinkafa, tsarabar Turai. Ilu ya yi musu rakiya yana riƙe da sandar yayansa, yana ta alkawarin zai leƙo in aikin lambu ya yi sauƙi. Suka wuce gonaki, suka kai inda ƙasa ta fara komawa rairayi. A nan Ilu ya tsaya ya miƙa masa sandar. Manu ya kora jakunan gaba ya bar su.

Wannan karon Sallau bai tsaya juya magana ba.

"Ilu, ko guda ɗaya ka bari da sunanka. Ƙarami ma ya isa. In riƙa kawo maka kasonsa."

Ilu ya yi dariya, irin dariyarsa ta da, ya riƙe hannun yayansa da hannu biyu.

"Haba Yaya, ka sha wahala ta isa haka. Ka huta. Ni me zan yi da jaki a Ɗanzomo?"

Ya yi masa addu'ar sauka lafiya, ya juya da sauri don kada rana ta yi wa albasa zafi ba a ba ta ruwa ba. Sallau ya tsaya yana kallon bayansa har ya shige cikin kore. Can gaba Manu ya ɗaga murya yana tambaya ko su tsaya.

"Kora," in ji Sallau. "Ba wanda muke jira."